Ƙofar Azhar da Aka Rufe wa Malam Abubakar Gumi

 

'Yan uwana matasa, sau da yawa ɗalibi kan zo mini da kukan cewa an hana shi gurbin karatu a Madina ko a jami'ar da ya ƙwallafa wa rai, sai ka ga ya naɗe littattafansa kamar ilimin ne gaba ɗaya aka hana shi. Shi ya sa nake son mu waiwayi wani yanki na tarihin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda mu mutanen Kawo ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda Masallacin Sultan Bello da ya yi shekaru yana tafsiri a ciki yana nan kusa da mu a Unguwar Sarki.

Bayan ya yi karatu a Makarantar Midil ta Sakkwato da Makarantar Shari'a ta Kano, ya kuma koyar a Maru, burin Malam shi ne ya tafi Azhar. Turawan mulkin mallaka ba su yarda ba. Masar ta lokacin tana tafasa da siyasar ƙin jinin Ingila, musamman bayan juyin mulkin 1952, su kuwa ba sa son samarin Arewa su shaƙi wannan iska su dawo da ita gida. Sai aka tura shi da wasu abokansa Bakht al-Ruda, wata kwalejin horar da malamai a Sudan, a 1954.

Ina Bakht al-Ruda, ina Azhar mai shekara kusan dubu! Amma Malam ya tafi. A ganina ya gane abin da yawancinmu ba mu gane ba, wato Alƙahira hanya ce kawai, abin nema shi ne Larabci da ilimi, kuma waɗannan akwai su a Sudan. Larabcin nan ne ya kusanta shi da Sardauna Ahmadu Bello a aikin Hajjin 1955, daga nan ya zama jami'in alhazai a Jidda, har ya kai ga muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Jarrabawa ta biyu ta fi ɗaci. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, a 1967 kuma aka rushe Jihar Arewa, kujerar Malam ta tafi tare da ita. Sai ya duƙufa ga Alƙur'ani: tafsiri a masallaci da gidan rediyon Kaduna, da littafinsa Raddul Azhan, da fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Malamai sun yi saɓani da shi a mas'aloli da dama, wannan kuwa ba a nan za a warware shi ba. A 1987 aka ba shi Lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci. Ya rasu a Landan a watan Satumba na 1992, Allah Ya jiƙansa da rahama.