Hira a Bakin Jigo: Yadda Iri Ya Yi Yawo a Lambunan Ƙasar Hausa

A watan Janairun 1824 Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, ya shiga Kano. Da ya kewaya birnin ya dubi fāɗinsa, sai ya rubuta cewa gidajen mutane ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. A hanyarsa ta komowa daga Sakkwato ya biya ta Katsina, ya tarar da ɓaure da rumman da lemun tsami, har aka ba shi labarin cewa a da akwai inabi da yawa kafin yaƙi ya bi ta kan kuringar. A 1851 kuma Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano, kuma cikin itatuwan da suka ɗauki idonsa a tsakanin soraye akwai dabino da gwanda.

Gwandar nan ta isa a tsaya a kanta. Asalinta tsakiyar nahiyar Amurka ne, bayan teku, amma ga ta tsaye a cikin gidajen Kanawa shekara hamsin kafin Turawa su ci garin. Ba sarki ne ya yi shela a shuka ta ba, kuma a lokacin babu malamin gona. Wani ne ya sha, ya ji zaƙi, ya adana 'ya'yan, ya watsa a bayan ɗaki. Maƙwabci ya hango ta saman katanga, ya yi sallama, ya tambaya, aka ɗebo masa.

Haka yawancin abin da ke cikin tukunyar miyar Bahaushe ya iso. Kuɓewa da yakuwa da rama da gauta da karkashi 'yan gida ne, tun kaka da kakanni ake cin su a Afirka. Amma barkono da tumatir da masara da rogo da gyaɗa da dankali da taba da gwaba duk baƙi ne daga Amurka, babu wanda ya taka nahiyar Afirka cikinsu sai bayan 1492. Mangwaro da zogale daga wajen Indiya suka fito. Hanyoyin shigowarsu sanannu ne: fataken da ke zuwa Gwanja sarin goro, ayarin raƙuma daga Turabulus da Gadamas, da alhazan da ke tafiya Makka a ƙasa ta Sudan, su yi shekaru kafin su komo. Iri ba shi da nauyi, ɗan ƙulli a bakin rawani ya isa. Sai dai kawo shi ba shi ne aikin ba. Dole a samu wanda zai gwada, ya gane ko yana son ruwa ko ba ya so, a wane wata ake dasa shi, wace tsutsa ke cin sa, sannan ya gaya wa wani. Wannan ilimin ba a rubuce ya yaɗu ba, a baki ya yaɗu, kuma babbar makarantarsa ita ce fadama da rani.

Da jigo ake ban ruwa a can, kuma wanda bai taɓa ganinsa ba, ga yadda yake. Ana kafa gwafa a bakin rijiya ko rafi, a gitta doguwar sanda a kai. Gefe ɗaya a ɗaura curin laka mai nauyi, ɗaya gefen a ɗaura igiya da guga ko ƙwarya. Mai lambu ya ja igiyar ƙasa, gugan ya cika, nauyin lakar ya ɗago masa shi, ya juye a bakin magudana. Daga nan ruwan ya bi hanya zuwa ƙananan fangaloli, inda yaro ke tsaye da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Aiki ne na asuba da yamma, mai cin kafaɗa, amma ba ya hana baki motsi. Lambuna kuwa a jere suke, dangar ƙaya ko ta kara ce kawai tsakani, don haka mai jan jigo na jin tarin maƙwabcinsa.

Da "sannu da aiki" ake farawa. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, sannan a gangaro kan abin da ya tara su. "Malam, me ka zuba wa albasar nan ta yi kai haka?" "Wallahi Baba, takin tumaki ne kawai da toka." Daga nan zance ya zarce: rijiyar wane ta fara janyewa, awakin gidan wane sun keta danga jiya, nawa aka sayar da kwando a kasuwar da ta ci, wace yarinya za a ɗaura wa aure bayan salla. In rana ta take, a koma gindin tsamiya ko giginya a dama fura. A irin wannan zama ne dattijo ke gaya wa matashi kada ya yi ban ruwa da tsakar rana, kuma a nan ake neman dashe. Wanda ya yafa iri ya tsiro masa fiye da bukata ba ya zubarwa, kira yake a zo a cira. Hana maƙwabci dashe rowa ce da ake daɗewa ana ambata, domin kowa ya san baɗi nasa na iya ƙin fitowa.

Sarakuna ba su shiga wannan hira ba, amma sun san akwai kuɗi a wurin. A masarautar Kano ta ƙarni na 19, ban da kuɗin ƙasa, akwai kuɗin rafi da ake karɓa a kan noman ban ruwa, da kuɗin shuka a kan wasu amfanin gona na musamman, kamar yadda marina ke biyan kuɗin karofi. Garuruwa da dama suna da Sarkin Rafi. Manyan kayan rafi a wancan zamani su ne albasa da alkama da taba da rake. Alkama abincin masu hali ce, ita ake yi wa alkaki da taliya da gurasa, kuma Larabawan da ke zaune a Kano na cikin manyan masu sayenta. Albasa kuwa ta shiga jinin mutane har ta shiga karin magana. In ɗa ya ƙi ɗauko halin iyayensa na kirki, sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanda ya fara faɗin haka, da alama ya san wahalar ban ruwa.

Akwai kuma lambun da mai karɓar haraji bai taɓa ƙirgawa ba, wato na cikin gida. Matar da ke kulle ba ta zuwa fadama, amma tana da ɗan kusurwa inda ruwan wanke-wanke da na alwala ke kwarara. A nan take da zogale, da lalle, da tsiron barkono biyu ko uku, da kabewa ko duma da ke hawa danga su bazu a kan rufin ɗaki. Irinta a ƙulle yake a tsumma, ko a cikin gora da toka saboda ƙwari. Yadda yake tafiya daga gida zuwa gida ma daban ne: a wajen suna, a wajen biki, ko a hannun yarinya mai talla da aka ce wa, "In kin shiga gidan Gwaggo, ki ce ta aiko mini da irin kabewar nan tata mai gardi." Zogale ya fi kowa sauƙin kyauta, reshe kawai za a saro a soka a ƙasa. Duk wanda ya ci kwaɗo a Maraɗi ko Katsina, ya ci albarkar irin wannan aike.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya kawo sababbin bakuna. Turawan Nasarawa da Kwarori da mazauna Sabon Gari suna son abubuwan da mai lambu bai saba da su ba: latas, kabeji, karas, kokwamba. Masu lambun bakin rafin Jakara suka karɓa, suka koya wa juna, har salak ya zama abin da ake sa wa baƙo a gaba ranar salla. A tsaunin Jos, inda haƙar kuza ta tara jama'a, dankalin Turawa ya samu gindin zama. Hukuma ma ta fara sa hannu. An buɗe tashar binciken noma a Samaru a 1922, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1928 aka kawo dogon yaro Barno daga Gana, itacen da asalinsa Indiya ne. Yau da wuya ka samu majalisar da ba a inuwarsa take zama ba, ko ana kiransa darbejiya ko bedi ko maina.

Abin da ya sauya lambu da gaske shi ne fari. Bayan na farkon shekarun 1970, noman rani ya tashi daga sana'ar wasu tsiraru ya zama mafaka. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, ruwa ya bi manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Madatsar Bakolori ta biyo baya a 1978. A Nijar, bayan yunwar 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani gadan-gadan, garake suka yawaita a bakin tafkuna da gulabe. A shekarun 1980 hukumomin raya karkara irin su KNARDA suka yaɗa rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin fetur, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yaɗa su a shekarun 1990.

Inji ya hutar da kafaɗa, wannan ba gardama. Mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai gida guda. Amma ya sauya zaman. Ƙararsa ba ta bari a ji sallama daga lambu zuwa lambu, sai an kashe shi tukuna. Abin da ake tattaunawa ma ya ƙaru: tsadar mai, makanikin da ya san gyara, wa zai ba da aron tiyo, buhun takin zamani nawa ne yau. Tumatir ya zama sarki. Daga Kwanar Gafan manyan motoci ke lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, kuma farashin da aka wayi gari da shi a can, kafin hantsi ya iso bakin fadama ta waya.

Duk da haka sunayen irin na nuna hanyar da suka biyo. Manomi zai ce maka wannan ɗan Siriya ne, wancan ɗan Baga, wancan Roma, wancan UTC. A albasa kuwa babu kamar ta Galmi, wani gari a jihar Tawa ta Nijar a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa. Jar albasar nan mai yaji, mai jure ajiya, manoman yankin ne suka yi ta zaɓen irinta shekara da shekaru, wannan ya ba wancan, har ta kai kasuwannin Ankara da Abijan. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a yi masa rajistar mallakarta da sunan Galmi a hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka, OAPI. Manoman Nijar da gwamnatinsu suka tashi tsaye, sunan ya tsira. Rigimar ta fito da wata tambaya da lambu bai taɓa bukatar amsawa ba: irin da ya bi ta hannun dubban mutane kyauta, na wane ne?

A cikin birnin Kano kuwa, rubu'in gidajen nan da Clapperton ya gani ya cinye saura. Filayen Ƙofar Ruwa da sauran kwaruruka sun yi ta zama fulotai. Masu lambun da suka rage a bakin Jakara da Getsi suna ban ruwa da abin da gidaje da masana'antun Bompai suka zubar, kuma masana a Jami'ar Bayero sun daɗe suna gargaɗi kan gubar da ke cikinsa. Su ma masu lambun sun sani. Amsarsu ita ce ba su da wani ruwan.

A 2016 wata 'yar ƙaramar tsutsa, Tuta absoluta, ta faɗa wa tumatir. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, can garin su tumatir ɗin. Manoman Kano suka laƙaba mata suna Sharon, ita kuwa takan share gona cikin 'yan kwanaki. Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, sabuwar masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa ta tsaya saboda rashin kaya, matan aure a birane suka koma miyar kauɗa da ta gwangwani. Tsadar da ta biyo baya, da wadda aka sake sha a 2023 da 2024, ta mayar da mutane da yawa ga lambun cikin gida. Ma'aikaci a Kaduna ko Zariya ko Yamai ya jera buhunan siminti da tsofaffin bokitai a tsakar gida, ya cika su da ƙasa da taki, ya dasa attaruhu da alayyafo. Bayan sallar magariba ana tsayawa a ƙofar masallaci ana tambayar dalilin da ganye ke naɗewa, wani ya ce a jiƙa 'ya'yan darbejiya a fesa, wani ya ce ruwan famfo ne ya yi yawa.

Abu ɗaya ne ya bambanta da na da. Yawancin irin da ke bada yabanya mai kyau yanzu na aure ne, a gwangwani ko a leda yake zuwa daga kamfani. In ka matse 'ya'yansa ka shanya ka shuka baɗi, ba zai fito kamar uwarsa ba. Saboda haka maƙwabci na iya ba ka dashe na bana, amma ba zai iya ba ka irin da za ka riƙe ba. Abin da ake roƙo a wurinsa yanzu shi ne ya nuna gwangwanin, ya faɗi shagon da ya saya, da nawa aka bar masa. Kuɓewa da yakuwa da kabewa da zogale ne har yanzu ake ƙullawa a tsumma a aika da su gidan 'yan'uwa, kuma yawanci mata ne ke riƙe da su.