Ɗakin Wasiƙa da Zauren Labarai: Tarihin Wani Ƙaramin Saiti a Kwamfuta

Yau za mu koma baya ne, zamanin da ba a san Facebook ko WhatsApp ba, mu duba wani ɗan akwati da ke ɓoye cikin saitin kwamfutoci masu aiki da Windows. A wannan akwati ne mutum ke faɗa wa kwamfutarsa wace manhaja za ta riƙa buɗe masa wasiƙun imel, wace ce kuma za ta riƙa kai shi zaurukan labarai. Yawancin mutane ba su taɓa leƙa shi ba, amma abin da aka zaɓa musu a ciki ya shafi waɗanda suka shiga muhawarar duniya, ya shafi salon rubutunsu, har ma da makomar abin da suka rubuta.

Mu fara da zauren kansa. A shekarar 1979 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka yi tunanin haɗa kwamfutocin jami'o'i ta layin tarho domin su riƙa miƙa wa juna saƙonni. Steve Bellovin na Jami'ar Karolina ta Arewa ne ya rubuta manhajar farko, aka fara aiki a 1980 da sunan Usenet. Tsarin ba shi da mai gida ɗaya. Idan ka aika rubutu, kwamfutar jami'arku za ta ajiye shi, sannan ta kira maƙwabciyarta ta ba ta, ita ma ta ba ta gaba, har ya zaga duniya. An raba hirar gida-gida bisa maudu'i, kowane gida da sunansa, waɗannan gidaje su ne zaurukan labarai. A 1987 aka kammala sake musu suna zuwa manyan rukunai bakwai, daga cikinsu akwai comp na harkar kwamfuta, sci na kimiyya, rec na nishaɗi da adabi, soc na al'amuran jama'a. Daga baya har Najeriya ta samu nata zauren a ƙarƙashin soc.culture.nigeria.

Manyan al'amura sun faro daga waɗannan zauruka. A ranar 6 ga Agusta 1991 Tim Berners-Lee ya yi bayanin tsarinsa na shafukan yanar gizo a zauren alt.hypertext. Kwana 19 bayan haka Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya sanar da aikin da ya zama Linux a zauren comp.os.minix.

To me ya raba wannan da imel? Imel wasiƙa ce, tana da wanda aka rubuta wa, tana sauka a akwatinsa shi kaɗai. Rubutun zaure kuwa kamar magana ce a dandali, duk wanda ya biyo zai ji. Hanyoyin da suke bi ma daban ne. An tsara ƙa'idar aika imel mai suna SMTP a 1982, ta zaurukan labarai kuma, NNTP, Brian Kantor da Phil Lapsley suka fitar da ita a 1986. Saboda haka manhajojinsu suka taso a rabe. Larry Wall ya rubuta manhajar karatun zaure mai suna rn a 1984, a cikinta mutum na iya rubuta sunan wanda ya dame shi da surutu, daga ranar ba zai ƙara ganin rubutunsa ba. A ɓangaren wasiƙa kuma Steve Dorner na Jami'ar Ilinoi ya fitar da Eudora a 1988, ya ba ta sunan marubuciya Eudora Welty saboda wani gajeren labarinta da ya shafi gidan waya. Eudora ba ta shiga zaure. Mai amfani da ita dole ya nemi wata manhajar ya ajiye a gefe, misali Free Agent ta kamfanin Forté idan Windows gare shi, ko NewsWatcher idan Macintosh ce.

Daga nan matsalar ta taso. Tunda manhajoji biyu ne a kwamfuta ɗaya, dole a san wadda za ta amsa kira. Idan kana karanta wasiƙa ka ga adireshin da ya fara da news: ka latsa shi, wa zai buɗe? Idan kana cikin zaure ka so ka ba wani amsa a asirce, wa zai ɗauki wasiƙar? Amsar ita ce abin da za mu kira zaɓin asali, wato manhajar da kwamfuta ke kira kai tsaye idan ba ka ce komai ba.

Kamfanoni sun gane darajar wannan kujera da wuri. Netscape ya cusa imel da zaure cikin burauzarsa ta biyu wadda ta fito a 1996. A shekarar ce Microsoft ya fitar da Internet Mail and News tare da Internet Explorer 3, a 1997 ya sake mata suna zuwa Outlook Express, daga baya ta riƙa zuwa a cikin Windows ba tare da an saya ba. Sai ga wani abin ruɗani: babbar manhajar ofis mai suna Outlook, wadda ta zo cikin Office 97, suna kawai ta haɗa da Outlook Express, kuma ba ta iya karanta zaure ko kaɗan. Tana da umarni mai suna News, amma idan ka latsa shi ƙanwar tata take kira ta yi aikin, a buɗe ta da fuskar zaure kawai. A Outlook 2003 ma umarnin ba ya fitowa sai mutum ya jawo shi da hannunsa.

Ga yadda ake saitin a zamanin Windows 98 zuwa XP. Mutum zai shiga Control Panel, ya buɗe Internet Options, ya je shafin Programs. A nan zai ga layin imel da layin zaurukan labarai, kowanne da jerin manhajojin da ke kwamfutar. Sai ya sa Outlook ko Eudora a layin farko, ya sa Outlook Express ko Agent a na biyu. Bayan haka zai buɗe manhajar zauren ya ba ta sunan saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni, wadda galibi kamfanin da ke sayar masa da intanet ke bayarwa ta ƙofa mai lamba 119. Manhajar za ta sauko da jerin zauruka dubbai, ya zaɓi waɗanda zai bi. Masu tattalin kuɗin tarho sukan sauko da kanun saƙonni kawai, su yi wa waɗanda suke so alama, su sauko da su, su kashe layi, su karanta a natse, su rubuta amsa, sannan su sake kunnawa su aika. Abin da ke ba mutane haushi shi ne kusan kowace manhaja, da zarar an buɗe ta, sai ta tambaya ko a mayar da ita zaɓin asali. Wanda ya amsa da to ba tare da ya karanta ba, sai ya tarar an rushe masa saitin jiya.

Wannan kokawa a kan kujerar asali ta kai har kotu. A 1998 gwamnatin Amurka ta kai ƙarar Microsoft kan yadda ya ɗaure burauzarsa a jikin Windows, bayan sulhu kuma, a 2002, aka ƙara wa Windows XP wani shafi na musamman inda mutum zai zaɓi burauza da manhajar imel da yake so.

Yanzu mu zo inda abin ya shafe mu a matsayin masu alƙalami. Tsofaffin mazauna Usenet suna da ladabin rubutu. Idan za ka ba da amsa, sai ka yanko daidai jimlar da kake magana a kanta, ka rubuta naka a ƙarƙashinta, ka goge sauran. Sa hannunka kada ya wuce layi huɗu. Sabon shiga kuma ana so ya yi kwanaki yana karatu kafin ya buɗe baki, kamar dai yadda ake cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka liƙa. Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tattara irin waɗannan ƙa'idoji a wata takarda a 1995. Amma Outlook Express, idan ka latsa amsa, tana ajiye ka ne a saman shafi, ta jibge duk tsohon saƙon a ƙasa. Miliyoyin mutane suka fara rubutu a inda aka ajiye su. Muhawara ta koma ana karanta amsa kafin tambaya, saƙo mai layi biyu yana jan jela mai layi ɗari. An shekara da shekaru ana faɗa a kan wannan, a ƙarshe salon manhajar ne ya ci, kuma shi ne muke bi a imel har yau ba tare da mun tambayi daga ina ya zo ba.

Haka ƙofar shiga ta canja jama'ar zaure. A da, duk watan Satumba sababbin ɗalibai kan cika wurin da shirme, bayan 'yan makonni su koyi ladabi. Da kamfanin AOL ya buɗe wa masu hulɗa da shi hanya a 1994, sai baƙi suka riƙa kwarara babu ƙaƙƙautawa, har aka laƙaba wa zamanin suna Satumbar da ba ta ƙarewa. A watan Afrilun shekarar wasu lauyoyi biyu, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cacar katin zama a Amurka zuwa zauruka fiye da 5,000 a lokaci guda.

Harshenmu ma zaɓin asali ya taɓa shi. Tsarin haruffan da waɗannan manhajoji ke ɗauka kai tsaye a kwamfutocin Ingilishi na Yammacin Turai ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. An ƙirƙiri UTF-8, wanda ke ɗauke da su, tun 1992, amma sai wanda ya san inda ake canjawa, kuma shi ma mai karɓa sai kwamfutarsa na da haruffan. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka saba rubuta kasa a madadin ƙasa, ko a maƙala wa harafi waƙafi a gefe.

Ina zaurukan suka tafi? AOL ya rufe tasa ƙofar a 2005. A 2008 wasu manyan kamfanonin intanet na Amurka suka rage ko suka daina bayar da hanyar. Windows 7 ta fito a 2009 babu manhajar imel ko ta zaure a cikinta. A 2010 Microsoft ya rufe nasa zaurukan, Jami'ar Duke ita ma ta kashe sabarta a watan Mayun shekarar. Usenet tana nan da rai, manhajar Thunderbird ma har yanzu tana shiga, sai dai wanda bai san da ita ba babu abin da zai nuna masa hanya.

Abin da ya tsira na farkon zamanin kuwa, mutum ɗaya ne ya fi kowa hannu a ciki. Henry Spencer na sashen nazarin dabbobi a Jami'ar Toronto ya riƙa kwafe saƙonni a faifan tef daga 1981 zuwa 1991, har faifai 141. Da Google ya sayi rumbun Deja a 2001, da waɗannan faifai aka cike giɓin shekarun farko. Shi ma Google ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet a ranar 22 ga Fabrairu 2024.

Mu a nan yawancinmu a shagunan intanet muka fara ganin imel, ta Yahoo da Hotmail a cikin burauza, don haka wancan akwati bai biyo ta kanmu sosai ba. Muhawarar adabin Hausa ta farkon shekarun 2000 a Yahoo Groups aka yi ta, a majalisu irin su Finafinan Hausa da Marubuta, inda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi ruwa ya yi tsaki. Yahoo ya kwashe rumbunan majalisunsa, sannan ya rufe tsarin gaba ɗaya a ranar 15 ga Disamba 2020. Waɗanda ke karɓar saƙonnin a akwatinsu kuma ba su goge ba, su ne suka rage da kwafi.

Kayan aro ba ya rufe katara. Da yawa daga cikinmu littafi guda cur yana zaune ne a WhatsApp ko a shafin Facebook, babu shi a ko'ina. Shawarata a wannan mako ita ce kowa ya buɗe wayarsa ya duba abubuwa biyu: allon rubutunsa yana da haruffa masu lanƙwasa ko babu, sannan babin da ya saki jiya yana da kwafi a fayil ɗin da ke hannunsa ko babu. Idan a cikinmu akwai wanda ya riski majalisun Yahoo kuma yana da tsofaffin saƙonninsu a akwatinsa, don Allah ya sanar da mu a ƙasa, mu ga yadda za a tattara su. Mu haɗu a mako mai zuwa.