Yinka Shonibare da mutum-mutumin da ba su da kai

Yinka Shonibare na cikin fitattun masu sassaƙa na wannan zamani da suka mai da hankali kan girman kai da kuma yadda ɗan Adam kan yaudari kansa.

An haife shi a London a 1962, ya tashi a Legas, sannan ya koma Ingila karatu.

An fi saninsa da mutum-mutumi masu girman mutane, sanye da tufafin attajiran Turai na da, amma waɗanda aka ɗinka da atamfa. Galibinsu ba su da kai.

A wani aikinsa na 2003, mutane 14 ne marasa kai ke zaune kewaye da tebur mai taswirar Afrika, suna jayayya. Nuni ne ga taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka shata ƙa'idojin raba nahiyar.

A wani kuma na 2006, mata biyu ne cikin kwalliya, kowacce ta auna bindiga a kan 'yar uwarta, alhali babu kan da za a harba.

Cire kawunan na tuna makomar masu sarautar Faransa da aka fille wa kai a juyin juya halin da ya fara a 1789, suna tsakiyar jin daɗi.

Sai dai zambon bai tsaya kan Turawa ba, kuma a nan ne aikin ya fi cizo. Atamfar da ake tinƙaho da ita a matsayin suturar gargajiya ta samo asali ne daga rinin mutanen Indonesiya. Masana'antun Holan da Ingila suka kwaikwaya, suka sami kasuwa a Afrika ta Yamma. Har yau 'yar Holan ce ake alfahari da ita a lefe.

Tambayar ko mene ne ainihin na Afrika ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 1958, ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, sun kafa ƙungiya don ƙalubalantar koyarwar Turawa zalla.

A arewacin Najeriya dai ba kasafai ake ganin irin wannan sassaƙa a wajen jami'a ba, saboda malamai da dama na ganin haramun ne sassaƙa surar abu mai rai.

Shi kansa Shonibare bai tsira daga suka ba. Duk da caccakar mulkin mallaka da yake yi, ya karɓi lambar girma ta CBE ta daular Birtaniya a 2019, har ma ya liƙa ta a jikin sunansa.