Ƙuma, Gara, Kuɗin Cizo da Ɓera: Illolinsu da Yadda Za Ku Kawar da Su Lafiya

Ƙwarin gida na cutar da iyali ta hanya biyu. Ta farko ita ce cizo da cututtukan da suke ɗauka. Ta biyu ita ce gubar da ake sayowa domin kashe su, wadda sau da yawa ta fi ƙwaron kansa haɗari, musamman ga ƙananan yara. Wannan bayani zai nuna muku yadda za ku gane kowane ƙwaro, abin da yake yi wa jiki, matakan da ke aiki, da lokacin da ya kamata a garzaya asibiti.

Me ya sa suke yawa a unguwanni irin su Dakata?

Ƙwaro da ɓera na neman abu uku: abinci, danshi da maɓoya. A Dakata da unguwannin da ke kewaye da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, gidaje na maƙwabtaka da sito-sito, injinan casar shinkafa da matsar man gyaɗa, da wuraren tara robobi da kwalaye. Ga gidajen haya masu ɗakuna jere da bango ɗaya, ga kwatar da ke toshewa da damina, ga kiwon kaji, tantabaru da awaki a tsakar gida. Saboda haka idan ɗaki ɗaya ya yi feshi maƙwabta ba su yi komai ba, ƙwarin na ƙaura ne kawai, bayan 'yan makonni su dawo.

Ƙuma

Ƙuma ƙaramin ƙwaro ne mai launin ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ba ta da fiffike, tsalle take yi. Tana shan jinin kyanwa, kare, kaji, awaki da ɓera, ta kuma ciji mutum. Cizonta ya fi yawa a idon sawu da ƙwauri: ƙananan ƙuraje ja a tare, masu tsananin ƙaiƙayi.

Ƙumar da kuke gani a jikin dabba ita ce kaso mafi ƙanƙanta. Ƙwai na zubowa ƙasa, su ƙyanƙyashe a cikin ƙura, tabarma, kafet, tsagar siminti da akurki. Tsutsar na naɗe kanta cikin wani ƙoƙo inda za ta iya yin watanni, kuma maganin feshi ba ya ratsa shi sosai. Wannan ne dalilin da ƙuma ke afka wa mutum idan ya buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, kuma shi ne dalilin da feshi sau ɗaya ba ya isa.

Illar da aka fi gani ita ce susa har fata ta fashe, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya yi ruwa. Ƙumar ɓera kuma na iya ɗaukar wani zazzaɓi mai zuwa da ciwon kai da ƙuraje, da kuma annobar nan mai kumbura kaluluwa wadda ta addabi Legas daga 1924 zuwa 1931, ta kuma kashe sama da mutum 200 a Madagaska a 2017. Akwai kuma jiga, nau'in ƙuma da ke shigewa cikin fatar yatsun ƙafa. Kada a cire ta da ƙaya ko tsohuwar reza, domin hanya ce ta kamuwa da tetanus. A je wurin ma'aikacin lafiya.

Abin yi:
- Ku fara da dabbar. Ku nemi magani daga likitan dabbobi, ku faɗa masa irin dabbar. Wasu magungunan kare na kashe kyanwa.
- Ku share ɗaki da tsakar gida kullum, ku ƙulle sharar a leda ku fitar da ita.
- Ku wanke shimfiɗu da ruwan zafi, ku baza tabarmi da kafet a rana.
- Ku kwashe tsohuwar shimfiɗar akurki, ku nisanta shi daga ɗakin kwana.
- Ku ci gaba da wannan na aƙalla mako huɗu zuwa shida.
- Idan akwai ɓeraye da ƙuma tare, ku fara da ƙumar. Idan ɓera ya mutu, ƙumar jikinsa na komawa kan mutane.

Don cizon, a wanke da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a yanke wa yaro farce. Man kalamin na rage ƙaiƙayi.

Gara

Gara ba ta ɗaukar cuta zuwa ga mutum. Haɗarinta shi ne cin katako daga ciki har rufi ko silin ya rufto a kan masu barci, musamman da damina lokacin da katakon ya jiƙe ya yi nauyi. Tana zaune a ƙarƙashin ƙasa, tana gina siririyar hanyar laka a jikin bango zuwa inda katako yake.

Alamominta su ne hanyoyin laka a bango ko ƙyaure, katako mai amon rami idan an ƙwanƙwasa, silin da ya lotsa, da shinge da ke fitowa daga cikin ɗaki bayan ruwan farko ya zubar da fukafukai. Shingen da ya taso daga cikin ɗaki na nuna cewa gidan garar na ƙarƙashinku ko dab da ku.

Abin yi:
- Ku gyara famfo da rufin da ke yoyo, ku karkatar da ruwan indararo nesa da tushen gini.
- Kada katako, itacen girki, kwali ko littattafai su zauna a ƙasa ko su jingina da bango.
- Ku tone kututturen bishiya da ke kusa da gini.
- Ku kankare hanyar lakar, ku duba bayan kwana biyu ko uku. Idan an sake ginawa, garar na nan.
- Ku sa kafinta ya duba katakon rufi kafin damina. Idan silin ya lotsa, kada a kwana a ɗakin sai an gyara.

Feshin saman bango na kashe ma'aikatan garar da ke waje ne kawai, sarauniyar na can ƙasa tana ci gaba da ƙwai. Maganin da ke aiki ana zuba shi ne a ƙasar da ke kewaye da tushen gini, kuma aikin ƙwararru ne masu lasisin hukumar lafiyar muhalli ta ƙasa, EHCON. Ku nuna musu inda rijiya ko rijiyar burtsatse take kafin su fara. Kada ku zuba baƙin mai ko Gamalin a ƙasa. Sinadarin da ke cikin Gamalin na daɗewa a ƙasa da jikin mutum, yana jawo jijjiga, kuma an saka shi cikin jerin gubobin da ƙasashen duniya suka amince a daina a 2009.

Kuɗin cizo

Kuɗin cizo na ɓuya da rana a ɗinkin katifa, tsagar gado, kujerun kushin da bayan hotunan bango, ya fito da dare. Za ku ga ɗigon baƙi a katifa, ɗigon jini a zanin gado, da cizo a jere a hannu, wuya ko baya. Ba a tabbatar da cewa yana yaɗa wata cuta ba, amma yana hana barci, kuma idan ya yi yawa ƙwarai yana iya rage wa ƙaramin yaro jini. Samunsa ba alamar ƙazanta ba ce. Yana shigowa ne a gwanjon kaya, tsohuwar katifa, ko akwatin ɗalibin da ya dawo daga makarantar kwana.

Zafi ne babban maganinsa, domin shi da ƙwansa na mutuwa idan zafi ya kai digiri 50. Ku jiƙa kaya a ruwan zafi, ku goge da dutsen guga. Ku kwance gado ku kwarara tafasasshen ruwa a tsagoginsa, bayan an fitar da yara. Ƙananan kaya a ƙulle su a baƙar leda a bar su cikin ranar bazara yini guda. Katifa mai kauri ba ta ɗaukar zafi har ciki, don haka a goge ɗinkinta da burushi, a jujjuya ta. Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka a maimaita komai bayan kwana goma. Kada a yayyafa fetur ko kananzir a katifa; gobara ce kuke gayyata.

Kyankyaso

Kyankyaso na yawo tsakanin masai, kwata da kwanukan abinci, yana ɗauko ƙwayoyin gudawa. Kashinsa da ɓawon jikinsa na tayar da asma, musamman ga yara. Ku wanke kwanuka kafin barci, ku rufe masai da murfi, ku liƙe tsagar bango da siminti. Idan akwai mai asma a gida, maganin da ake ɗigawa a lungu ya fi na feshi dacewa.

Ɓera da zazzaɓin Lassa

An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a fitsarinsa da kashinsa. Ana kamuwa ta abincin da ya gurɓata, ta ƙurar kashinsa, ko ta jini da ruwan jikin majinyaci. Ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu. A Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano.

Alamomi na bayyana cikin mako uku da kamuwa: zazzaɓi, kasala, ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai, a wasu kuma kumburin fuska da zubar jini. Kusan mutum 8 cikin 10 ba sa jin jiki sosai, amma tana da tsanani ga mai ciki, kuma tana iya barin mutum da kurumta. Duk zazzaɓin da bai sauka ba bayan kwana biyu zuwa uku ana shan maganin maleriya, a koma asibiti. Maganin ribabirin ya fi amfani idan an fara da wuri. Lambar kyauta ta hukumar NCDC ita ce 6232.

Ku adana hatsi a durum ko bokiti mai murfi, kada ku shanya abinci a ƙasa. Ku toshe ramuka da siminti, domin ƙaramin ɓera na shiga ramin da bai fi kaurin fensir ba. Tarko ya fi guba aminci a gidan da ke da yara. Kada a ɗauki mushen ɓera da hannu: a zuba masa ruwan bilic, a sa hannu cikin leda a ɗauka, a binne. A jiƙa kashin ɓera da ruwan bilic kafin a share.

Gubar da ke cikin gidajenmu

Fiya-fiya da Sniper. Fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalabe marasa suna galibi tana ɗauke da sinadarin da ake rubuta wa DDVP, irin wanda ke cikin Sniper na gona. Yana shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magungunan gona a kasuwanni da manyan kantuna, ta kuma hana ƙananan kwalabensu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa. Kada a shafa shi a kai don ƙwarƙwata, a katifa, ko a zuba a wake. Don ajiyar wake akwai buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Alamomin guba: dalalar miyau, hawaye, gumi, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar tsoka, numfashi mai kurkur, jijjiga.

Ƙwayar hayaƙin hatsi, irin su Phostoxin. Da ta haɗu da danshin iska takan saki iskar guba mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wadda ke ratsa tsagar bango da silin zuwa ɗakin maƙwabta. Babu maganin da ke karya gubarta. Kada a saka ta a ɗakin kwana, ko a siton da ke manne da ɗakin kwana.

Shinkafar ɓera da sauran gubar ɓera. Yara na ɗaukarsu abinci. Wasu na aiki cikin mintuna. Wasu na hana jini daskarewa, yaron ya yi kamar lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku jini ya fara fita ta hanci, dasashi ko fitsari. Don haka ko yaro na wasa, a kai shi asibiti a ranar.

Idan dole sai an yi feshi

- Ku sayi maganin da aka yi domin gida, mai lambar NAFDAC, ku bi abin da aka rubuta a jikinsa.
- Ku fitar da yara, masu ciki, tsofaffi, masu asma da dabbobi. Ku rufe abinci da randa.
- Mai feshi ya sa takunkumi, safar hannu da riga mai dogon hannu, ya yi wanka bayan ya gama.
- Ku buɗe tagogi iska ta ratsa sosai kafin kowa ya koma. Kada a yi feshi a rufe ɗaki a kwanta.
- Kada a juye magani a gorar ruwa ko ta lemo. A kulle shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.
- Jarkar maganin ƙwari ko ta sinadaran masana'anta ba ta zama ta ruwan sha ko mai, komai wankin da aka yi mata.

Idan wani ya sha ko ya shaƙi guba

1. Ku fitar da shi inda iska take.
2. Ku cire kayan da maganin ya taɓa, ku wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a kwarara ruwa na minti 15.
3. Kada ku sa shi amai. Kada ku ɗura masa manja, madara, ruwan gishiri ko tsamiya. Ba sa karya guba, kuma suna iya faɗawa huhu, musamman idan maganin haɗe yake da kananzir.
4. Idan ya suma, ku kwantar da shi a gefensa.
5. Ku tafi asibiti nan take da kwalbar ko ledar maganin, domin da ita likita zai san abin da zai bayar. Gubar fiya-fiya na da allurar atrofin, gubar ɓera mai tsinka jini kuma na da bitamin K.

Daga Dakata, Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke Yankaba na kusa. Akwai kuma sashen gaggawa a Asibitin Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Idan da gangan mutum ya sha, kada kunya ta sa a ɓoye wa likita. Yana buƙatar kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa da tausasawar iyali bayan an ceto shi.

Aikin unguwa

Tun da bango ɗaya ne ya raba ku da maƙwabta, ku tsayar da rana ɗaya da duk ɗakunan gida za su yi shara, shanya da toshe ramuka tare. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano ta dace da yashe kwata da kwashe bola. Idan wani sito ko injin da ke kusa ne ke tara ɓeraye, ko ake saka ƙwayar hayaƙi dab da ɗakunan kwana, ku sanar da mai unguwa da ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukumar Nasarawa.