Sallar Kano ta Da

A cikin birnin Kano, tun azumi na kwana goma ake jin ƙamshin Sallah. Da an sha ruwa sai 'yan tashe su cika lunguna, wani ya manna gemun auduga, wani ya cusa tsumma a ciki ya zama mai tumbi, Nalako kuma na bin gwauraye da ganga. Ranar jajibere teloli ba sa runtsawa. Nakan tuna yadda muke tsugunawa a bakin shago muna gadin ɗinkinmu, fitilar ƙwai na ci, keke na ƙara har asuba. A gida 'yan mata sun ƙunshe ƙafa da lalle, tukunyar miyar taushe tana kan murhu.

Da safe gari duka ya nufi filin Idi na Ƙofar Mata, kusa da marinar nan da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Bayan an sauko sai rabon tuwon Sallah. A ɗora mana langa a ka, mu bi gida-gida, mu dawo da ita cike da abincin maƙwabta, aljihu na ƙarar sisi da kwabo na goron Sallah.

Amma ranar da muke ɗoki ita ce washegari, ranar Hawan Daushe. Kakana kan kama hannuna tun azahar mu nemi wuri a Ƙofar Kudu. Da bindigogi sun tashi, ƙasa ta girgiza, sai ya ɗora ni a wuya.

"Buɗe ido da kyau, ɗan nan," in ji shi. "Ka ji kakakin can? Ka ga figinin jimina? Tun zamanin Rumfa suke."

A wuyansa na fara karatun tarihin garinmu. Nan na ji cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina gidan sarautar da muke tsaye a ƙofarsa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Nan na ji sunan Bagauda, da Gijimasu wanda ya fara ganuwa, da mutanen farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala. 'Yan lifidi da 'yan sulke na wucewa, hakimai kowa da zugarsa da makaɗansa, shi kuma yana faɗa mini ko wane ne, daga wane gida ya fito. Can sai laima ta bayyana, dogarai cikin ja da kore, ga marigayi Sarki Ado Bayero ya dawo daga gaishe da mahaifiya a Babban Ɗaki. Mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da shi, su ɗaga hannu suna jinjina. Shekara 51 ya yi a kan karaga, daga 1963 zuwa 2014, har da yawanmu muka girma ba mu san Sallah da wata fuska ba sai tasa.

Kashegari Hawan Nassarawa, daga nan sai Ɗorayi a ƙaramar Sallah, ko Fanisau a babba.

Yau ganuwa ta zaizaye a wurare da dama, dalar gyaɗa ta zama labari, gari ya tumbatsa har ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya, abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai takarda ba ta ɗaukar yaro a wuya. Abin da ya raya wannan gado ɗaruruwan shekaru shi ne dattijon da ya san sunan kowane hakimi, da jikan da ke sauraronsa. Mu da aka ɗauka jiya, yau bashin yana kanmu.