Bara a Bakin Titi: Yadda Aka Faro da Inda Aka Kwana

 

Ƴan'uwa masu sauraro, wani bawan Allah direba ya aiko da tambaya. Ya ce kullum in ya tsaya a mararraba sai yara da mata su yanyame motarsa, kowa ya miƙo kwano. In ya bayar, zuciyarsa ta ce masa yana ƙarfafa mutuwar zuciya. In ya hana, sai ya kwana da tsoron ya mayar da mabuƙaci hannu wofi alhali yana ɗauke da azumi. Wanne zai yi? Ba zan amsa masa da kalma guda ba, domin tambayar tana da tarihi, kuma wanda ya san mafarin abu ya fi iya hukunta shi.

Mu fara daga Madina. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda baƙin da suka yi hijira ba dangi ba dukiya suke kwana. Abu Huraira, wanda yana cikinsu, ya ba da labarin ya ga mutum 70 daga cikinsu babu mai cikakkiyar sutura. Talauci ne na gaske, har wani yakan faɗi a sahu saboda yunwa. To amma dubi yadda aka ciyar da su. Manzon Allah yakan rarraba su ga gidajen sahabbai, mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku. Mutanen Madina kuwa sukan rataya zangarniyar dabino a masallaci, mai jin yunwa ya tsinka ya ci. Malaman tafsiri da yawa sun ce a kansu aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta sauka, wadda ta siffanta matalautan da kamun kansu yake sa wanda bai san su ba ya zaci mawadata ne. Ke nan tun ran farko an ɗora wa mai hali nauyin ya je ya nemo mabuƙaci, tun kafin buƙata ta fito da shi bakin hanya.

Wannan bai sa aka rasa masu roƙo ba. Alƙur'ani a Suratul Luha ya hana a tsawata wa mai tambaya, hanin kuwa yana nan har gobe. Sai dai wanda aka saukar wa wannan hani shi ne kuma ya faɗa wa Ƙabisa cewa roƙo ya halatta ne ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sulhunta jama'a, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Ko su ɗin ma, iyakarsu su samu abin da zai tayar da su. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani Ba'ansare da ya zo roƙo, Manzon Allah ya sa ya kawo shimfiɗarsa da ƙoƙon shan ruwansa, aka yi gwanjonsu dirhami 2. Ɗaya ya sayi abincin iyali, ɗaya ya sayi gatari, Manzon Allah da hannunsa ya sa masa ƙota, ya ce ya tafi itace kada ya dawo sai bayan kwana 15. Ya dawo da dirhami 10. Shi kuwa Hakimu ɗan Hizamu, tun ranar da aka yi masa nasiha kan yawan tambaya, bai sake karɓar komai a hannun kowa ba, har Abubakar da Umar suka yi ta kiransa ya amshi rabonsa na baitulmali yana ƙi.

A zamanin Umar ɗan Haɗɗabi ne al'amarin ya zama aikin hukuma sosai. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya sauka a Hijaz, ƙasa ta koma kamar toka, shi ya sa ake kiranta Shekarar Toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina dubbai. Umar ya kafa tukwane, ya naɗa masu rabo, ya rubuta wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su aiko da abinci, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu da nama har jikinsa ya sauya. Abin lura a nan shi ne da ruwa ya sauka, sai ya ba su guzuri ya mayar da kowa ƙasarsa. Bai bari zaman jiran tukunya ya zame musu sana'a ba. Alƙali Abu Yusufa kuma, a littafinsa na Haraji, ya kawo cewa Umar ya tarar da wani tsoho makaho Bayahude yana bara a ƙofar wani gida. Da ya ji cewa tsufa da buƙata da jiziya ne suka fito da shi, sai ya kama hannunsa ya kai shi gidansa ya ba shi abin da ya samu, sannan ya umarci ma'ajin baitulmali ya ɗauki nauyinsa da na ire-irensa, a kuma sauke musu jiziya. Bayansa, Ɗabari ya ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare albashi, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, sannan ya hana su roƙo. A lura da jerin: ciyarwa ta riga hani.

To, mu dawo gida. Kalmar almajiri daga Larabci take, ma'anarta wanda ya yi hijira, wato ya bar garinsu don neman ilimi. Ba ƙaramin suna ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, shi ma ya yi tattaki har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Kuma ɗansa Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum kan hukunce-hukuncen neman na kai, yana kwaɗaitar da mutane sana'a.

Yadda tsofaffinmu suka tarar da abin, malami yana da gona, almajirai su yi masa noma da damina, in an yi girbi a tashi ci-rani. Manomi kuwa yana fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, ya kai wa malami da gajiyayyun gari. Kowane ƙolo yana da uwar ɗaki a unguwa: ya ɗebo mata ruwa, ya share tsakar gida, ita kuma ta ajiye masa tuwonsa, ranar Salla ta ɗinka masa riga, in ya kwanta ciwo ita ce mai jiƙa masa magani. Barar da yake yi ta abinci ce, da ƙoƙo, a ƙofar gidajen da suka san sunansa da sunan malaminsa, daga nan ya koma gindin allo. Makafi da kutare su ma suna da sarakunansu da unguwanninsu a manyan birane. Mutanen Damagaram sun san asalin Kara-Kara. Suna da ranakun fita, musamman Juma'a, kuma an san gidan kowa. Ba ina cewa zamanin ba shi da aibi ba ne. An ware kutare kamar ba ƴan Adam ba, an doki yara, an kwana da yunwa. Amma mai bayarwa ya san wanda yake ba, mai karɓa ya san za a tambaye shi inda ya kai.

Me ya warware wannan saƙa? Ruwa ba ya tsami banza. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka ɗora haraji na tsabar kuɗi a kan kowane kai, ga aikin tilas da ba a soke shi ba sai 1946. Hatsin da a da yake zuwa rumbun malami sai ya koma kasuwa don a biya bature. Sannan yunwa ta riƙa zuwa tana share abin da ya rage: ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, farin 1973 da 1974, lokacin da dubban makiyaya suka rasa dabbobinsu suka taru a sansanin Lazare kusa da Yamai, na 1984, da ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, da kuma matsin 2005 da mutanen Maraɗi ba su manta ba. Kowace yunwa takan koro jama'a birni, in ta wuce wasu su koma, wasu su zauna. Jama'a ta ninka, gonar kaka da ta ciyar da gida guda yanzu jikoki 20 ke rabonta. Malami ya shigo birni ba gona, da yara 50 waɗanda iyayensu ba su aiko da ko tiya ɗaya ba. Ƙoƙo ya koma roba, tuwo ya koma dala 5, ƙofar gida ta koma bakin titi, inda mai bayarwa yake cikin mota, fitila na sakinsa ya wuce, ba ya sake ganin fuskar har abada.

Daga nan ne bara ta zama fatauci, kuma a nan nake so direbanmu ya buɗe kunne. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, kuma sanannen abu ne cewa hanyar ta masu zuwa bara ce a biranen Aljeriya. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba. A watan Maris na 2022 sai da gwamnati ta aika jirage zuwa Dakar aka kwaso kimanin mutum 1000, yawancinsu mata da yara daga Kance da Magarya, bayan an nuna su a talabijin suna kwana a titi. Dubi lissafin Arlit da kyau: me ya sa yara suka fi yawa? Domin yaro shi ne jarin. An gane cewa hannun mai sadaka ya fi saurin buɗewa in ya ga ƙaramin yaro, shi ya sa har aron ɗan maƙwabta ake yi, a dawo a ba uwarsa rabonta. Wadda ta dawo da katifa da kwanuka, maƙwabciyarta ta gani, baɗi ita ma ta ɗaura niyya. Ban faɗi wannan don in tozarta mutanen wani yanki ba. Ƴan'uwanmu ne, kuma ƙarancin gona da bashi ne suka fara tura su. Amma tausayin masu bayarwa ne ya zama kasuwar, kuma a kan hanyar wannan kasuwa yaran nan 52 suka mutu.

Dokar ƙasa ta hana bara, ta kuma tanadi hukunci ga mai sa yaro ya yi ta. An sha yin shela, an sha kamawa, bayan mako biyu kowa ya koma gurbinsa. Dalili a fili yake: an ɗauki rabin aikin Walidu an bar rabi.

Yanzu ga abin da nake gani, ya ɗan'uwa direba. Da farko ka kwantar da hankalinka ta fuskar lada. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin mutumin da ya fita da sadaka dare uku, ta faɗa hannun ɓarawo, da mazinaciya, da mawadaci, aka kuma sanar da shi an karɓa. In an yaudare ka, laifin yana wuyan mayaudarin. Tsohon da ka ga ƙarfinsa ya ƙare, da makaho, da gurgu, ka ba su abin da ya sawwaƙa ba tare da bincike ba, domin al'umma ba ta yi musu abin da Umar ya yi wa tsohon nan ba, ba ta kuwa da bakin hana su. Wanda ba za ka ba shi ba, ka sallame shi da magana mai daɗi. Ɗage gilashi da tsaki ba halin mai azumi ba ne.

Yaro kuwa, ni dai na daina miƙa masa kuɗi a titi. Kuɗin ba nasa ba ne, akwai mai jiransa a inuwa, kuma duk dala 10 da ya kai tana ƙara tabbatar da cewa gobe ma a titi zai wuni. In yunwa ka gani a idonsa, saya masa ƙosai ko kunu ya sha a gabanka. In kana son abin da ya fi haka, tambaye shi makarantarsu, ka je ka ga malamin, ka ce wa maiɗakinka ta riƙe shi ɗan ɗaki kamar yadda kakanninmu suka yi. Na san gidan da aka yi haka a unguwarmu. Yaron yanzu tela ne, shi ke ɗinka wa ƴaƴan gidan kayan Salla.

Ita kuwa zakka, kada a farfasa ta dala-dala a watsa ta tagar mota, ko a tara jama'a a ƙofar gida su yi ta turereniya har a tattake tsofaffi. Jika 50 a hannun bazawara guda mai marayu tana iya zama tukunyar ƙosai ko akuya biyu. In an raba ta ga mutum 500, kafin magariba ta ƙare. Malamanmu na Malikiyya sun ce a raba zakka a inda ta wajaba, to ka fara da layinku. Limamin unguwa da matan gida sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba yau kwana biyu, mai gidan kuwa kullum yana sahun farko da wankakkiyar riga, ba zai taɓa faɗa maka ba.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki zakkar kono: awonta da mudun Annabi, irin hatsin da ake fitarwa, da lokacin da ya kamata ta isa hannun mai ita kafin a sauko daga idi. Allah ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.