Tantin Abzinawa: Tarihin Ɗakin da Mace Ke Kafawa

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ya san mutumin nan mai rawani da amawali, wanda kan zauna a ƙofar gidan wani attajiri yana gadi, da 'yar butar shayinsa a kan garwashi. Mukan kira shi Buzu, mu gaisa da shi da Hausa, mu wuce abinmu. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar kansu irin ɗakin da aka haifi wannan bawan Allah a ciki, balle su tambayi abin da ya raba shi da shi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi tarihin wannan ɗaki, wato tantin Abzinawa: yadda ake kafa shi, da yadda ake ɗaure shi ya jure wa iska, da yadda ake kula da shi, da kuma abubuwan da suka girgiza shi a ƙarni na 20. Mun zaɓi kalmar Abzinawa ne domin kalmar Buzu asalinta ta shafi barorin wannan al'umma ne kawai, kafin bakin Bahaushe ya game kowa da ita.

Maƙwabtaka ta Tun Fil Azal

Abzinawa ba baƙinmu ba ne. Tarihin Gobirawa ya nuna cewa a ƙasar Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. An kafa sarautar Agadas a wajajen 1405, kuma tun daga wancan zamani ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, su sauke a kasuwannin ƙasar Hausa, su koma da gero da baƙin yadi na Kura. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shiga Agadas a Oktoban 1850, sa'an nan ya biyo ayarin gishiri zuwa kudu, ya iso Kano a Fabrairun 1851.

Harshenmu ma shaida ne. Raƙumi da akala da takobi duk daga bakin Abzinawa muka aro su. Idan kuwa muka dubi sunayen ɗakin tafi-da-gidanka, za mu ga tanti daga Ingilishi ya zo, laima kuma daga Larabci. Amma asabari, wanda muke ratayawa a ƙofar ɗaki, ɗan'uwan sunan da Abzinawa ke kiran doguwar tabarmar da suke kewaye tantinsu da ita ne. Ashe ke nan wani yanki na wannan tanti ya daɗe da shiga gidan Bahaushe ba mu lura ba.

Iri Biyu na Tanti

Abzinawa na kiran tanti ehen, kuma iri biyu ne. Na farko shi ne na fata, wanda aka fi sani a ƙasar Azawak, arewa da Tawa, inda Iwillimmidan ke kiwo. Ana yin rufinsa da fatun awaki da tumaki kimanin 30 zuwa 40, na manyan gidaje kuwa ya fi haka nesa. Akan jeme fatun da bagaruwa, kamar dai yadda majemanmu ke yi, sa'an nan mata su taru su ɗinke su da zaren fata, irin taron da mu za mu kira gayya. Na biyu shi ne na tabarmi, wanda ya fi yawa a duwatsun Azbin da kewayen Agadas, inda goriba ke tsiro a bakin ƙoramu. Da kabarta ake saƙa tabarmin rufi, ƙashin ɗakin kuwa da saiwoyin itatuwan ƙaya ake yin sa, a tanƙwara su kamar baka.

Abin lura a nan shi ne, kowane tanti ɗan ƙasarsa ne. Inda garke ya yalwata, sai fata ta zama rufi. Inda kwari ya ba da goriba, sai kaba ta ɗauki wannan aiki. Babu abin da ake sayowa daga nesa, sai dai aikin maƙera, waɗanda ake kira inadan: mazansu ke sassaƙa dirkoki da ƙafafun gado, matansu kuma ke ƙawata kayan fata.

Kafawa da Ɗaurewa

Idan aka sauka a sabon mashekari, maza kan nufi wajen dabbobi da rijiya, mata kuma su fuskanci aikin ɗaki. Sukan zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da hanyar ruwa, domin ƙoramar da ta bushe shekara guda tana iya cika cikin dare ɗaya idan an yi ruwa a kan duwatsu. Sai a share ƙaya da tsakuwa. A Azbin, gado ake fara girkawa, sa'an nan a tayar da ɗakin a kewaye da shi. A haƙa ramuka, a kafa dirkoki, a haɗa bakunan saiwoyin nan a ɗaure su, a shimfiɗa tabarmi ɗaya bisa ɗaya yadda ruwa zai gangara, daga bisani a zagaye su da igiya a tamke.

Tantin fata kuwa dirka ce a tsakiya ke ɗauke da nauyinsa, tare da wasu a gefe. Akan jefa rufin a kansu, a ja gefunansa, a ɗaure a jikin turakun da aka kafa kewaye. Gwanintar tana wajen ja. In an ja ya yi tsauri ainun, ɗinki ya ɓarke. In an bar shi sako-sako, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta yi sama da shi, ko ruwa ya taru a kansa ya danne dirka. Shi ya sa ba a yin tantin da tsawo. Mutum sai ya sunkuya zai shiga, kuma wannan ƙasƙantar da kai ita ke cetonsa ranar guguwa, don itacen da ya fi tsawo shi iska ke fara kayarwa.

Ƙofa yamma take duba. Dalili a fili yake ga duk wanda ya san sararin ƙasashenmu: hadarin damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka tanti kan juya musu baya. Masanin nan Bafaranshe, Dominique Casajus, wanda ya zauna da Kel Ferwan na kewayen Agadas, ya kuma wallafa littafi a kan tantinsu a 1987, ya nuna cewa suna kallon tanti a matsayin hoton duniya, dirkokinsa huɗu na kusurwa kamar ginshiƙan da ke riƙe da sama. Sashen arewa shi ne na iskokin daji, don haka nan miji ke kwanciya, ya kare matarsa da ke kudu.

Kulawa

Kafa tanti aikin sa'a guda ne ko biyu, amma kula da shi aikin rayuwa ne. Fata na da abokan gaba uku: rana da ruwa da gara. Rana kan busar da ita ta tsage, don haka akan shafe ta da man shanu haɗe da jar ƙasa, abin da ke sa ta yi laushi, ruwa ya riƙa zamewa a kanta, ya kuma ba ta jan launin da aka san ta da shi. Idan ruwa ya jiƙa ta, ba a naɗe ta sai ta sha iska, in ba haka ba ta yi fumfuna ta ruɓe. Dirkoki da tabarmi kuwa sai an riƙa duba gindinsu saboda gara. Ƙaramar huda ba a barin ta ta kwana, gama rigakafi ya fi magani. Akan cire fatar da ta gaji a sa sabuwa, tabarmar da ta tsufa a saƙa wata, ta yadda tanti kan yi shekaru yana tsaye alhali da wuya a sami abin da ya rage daga kayansa na farko.

A nan ne za mu gane cewa ƙarfin tanti a garke yake. Akuyar da ta ba da fata ita ce ta ba da nono, kuma daga nonon dabbobin ake samun man shafawa. Jaki da takarkari su ke ɗaukarsa ranar ƙaura. In babu dabba, babu tanti.

Mai Ɗaki

Bahaushe kan kira matarsa mai ɗaki, amma ya san gidan nasa ne. A wurin Abzinawa maganar ta wuce ladabi. Tanti mallakar mace ne. Uwa ce ke haɗa wa 'yarta shi lokacin aure, sau da yawa da wasu sassa na nata tantin, har ma kalmar ehen kan ɗauki ma'anar aure. Namiji kan bar tantin uwarsa idan ya tasa, ya yi ta kwana a fili, sai ya yi aure zai sake samun inuwa. In aure ya mutu, mace ba ta tattara kaya ta tafi gidansu a matsayin wadda aka kora. Shi ne zai ɗauki sirdinsa da takobinsa ya fita.

Abubuwan da Suka Girgiza Tanti

Girgiza ta farko ta zo da mulkin mallaka. A Disambar 1916 Kawsan ya yi wa sansanin Faransawa da ke Agadas ƙawanya, tare da goyon bayan Sarkin Azbin Tagama, har zuwa Maris na 1917. Da Faransawa suka yi galaba, sai suka huce a kan jama'a: aka kashe mutane, ciki har da malamai, aka ƙwace raƙuma, aka tilasta wa mutanen Azbin da yawa gangarowa kudu.

Ta biyu ita ce fari. Wanda aka yi daga 1968 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun halaka garkuna masu ɗimbin yawa. Dubban makiyaya suka taru a sansanin Lazare da ke gefen Yamai suna jiran tsabar agaji. Matan da suka saba ɗinka fata suka koma rufa ɗaki da tamfol da buhuna da leda, abubuwan da rana kan cinye cikin ɗan lokaci, ga zafi kamar tanda. Maza kuwa suka bazu neman abin kai wa baka, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kano da Kaduna da Ikko. Daga cikin waɗannan ne mai gadin da muka buɗe magana da shi ya fito.

Ta uku ta zo a hankali, ba da bindiga ko yunwa ba. Da mutane suka fara zama wuri ɗaya, sai aka shiga gina ɗakunan ƙasa. Susan Rasmussen, masaniya daga Amurka wadda ta daɗe tana nazari a ƙauyukan Azbin, ta lura cewa ɗakin ƙasa galibi namiji ne ke gina shi kuma shi ke mallakarsa. Saboda haka ranar saki tambayar wa zai fita ta sake salo. Shi ya sa a gidaje da dama na Azbin za a ga tantin tabarmi tsaye a tsakar gida, kusa da ɗakin ƙasa: matar ba ta yarda ta saki nata ba.

Kammalawa

Mun saba auna tarihin al'umma da ganuwa da fada da masallaci, wato abubuwan da ke barin kufai. Tanti ba ya barin kufai. In an tashi, iska kan shafe ramukan dirkokinsa cikin kwana biyu, kuma saboda haka masu rubuta tarihi kan manta da shi. Amma ilmin da ke cikinsa, na sanin iska da fata da ƙulli, da 'yancin da ya ba mace, ya daɗe ƙarnuka yana tafiya daga hannun uwa zuwa na 'ya. Har yanzu ana kafa shi a Azawak da Azbin, ana kuma ganinsa a taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman abin nazari da su lura cewa ba sai sun je Agadas ba. Su zauna da dattijon da ke gadi a unguwarsu, su karɓi shayinsa, su tambaye shi yadda mahaifiyarsa ke kafa ɗakinta, su rubuta abin da ya faɗa tun yana da rai.